Hayaƙin Murhu da Ɗan da ke Ciki: Amsoshin Tambayoyinku

Tun da sanyi ya fara shigowa, yawancin wasiƙun da ke iso wannan fili na lafiyar iyali a kan hayaƙi da ƙura suke, da abin da suke yi wa mai juna biyu. Mun zaɓo bakwai mun taƙaita su, mun kuma ɓoye sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Cikina wata huɗu, na biyu ke nan. Da itace nake girki sau uku a rana, a ɗakin girkin da ba shi da taga sai ƙofa. Idanuna kan yi ja, ga tari. Surukata ta ce hayaƙi iyakarsa ido, ita 'ya'ya tara ta haifa duk a bakin murhu. Da gaske hayaƙi yana kaiwa ga abin da ke cikina?
Wata mai karatu daga Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Yana kaiwa. Gobe idan kin shiga ɗakin girkin nan, ɗaga kai ki dubi rufinsa. Baƙar kunkunniyar da ta lulluɓe azara da bango, a cikin iska ta yi yawo kafin ta manne, kuma iskar nan ce kike shaƙa awa uku ko huɗu kullum.

Abubuwa biyu ne a hayaƙin itace suka fi tayar wa likitoci hankali. Na farko ɓurɓushi ne masu tsananin ƙanƙanta da masana ke kira PM2.5. Sai an jera kimanin talatin daga cikinsu kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Gashin hanci da majina suna tare manyan ƙura, amma waɗannan wucewa suke har ƙarshen huhu, inda iska ke haɗuwa da jini. A can sukan tayar da kumburi, kumburin ya bi jini ya taɓa jijiyoyi, har da ƙananan jijiyoyin mabiyiya, wadda ta nan kaɗai ɗanki yake samun abinci da iska. A 2019 masu bincike a Jami'ar Hasselt ta ƙasar Beljiyam sun duba mabiyiyar matan da suka haihu, suka tarar da ɓurɓushin baƙin hayaƙi a ɓangaren da ke fuskantar jariri. Matan da ke zaune inda iska ta fi gurɓata, nasu ya fi yawa.

Na biyu iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin da ke dakon oksijin zuwa sassan jiki. Wannan iska tana manne masa fiye da oksijin sau ɗari biyu da ɗoriya, duk gurbin da ta kama kuwa oksijin ya rasa mazauni. Tana ƙetara mabiyiya, kuma jinin ɗan da ke ciki ya fi na uwarsa riƙe ta, ya fi jinkirin sakinta.

Idan abinci da iska suka riƙa isa ga ɗa a taƙaice wata da watanni, abin da ke biyo baya shi ne a haife shi da nauyin da bai kai kilo biyu da rabi ba, ko naƙuda ta zo kafin mako 37 a samu bakwaini, ko uwa ta kamu da hawan jinin masu ciki. Wani lokaci, Allah ya kiyaye, a haifi ɗan babu rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ɓurɓushin nan su wuce maikirogiram 15 a kowace mita ɗaya ta iska, tsawo da faɗi da tsayi, idan aka ɗauki matsakaicin yini guda. A ɗakin girki irin naki awo kan nuna ɗaruruwa, lokacin hura wuta ma ya haura dubu. Wani ƙiyasi na duniya da aka fitar a 2021 ya danganta haihuwar bakwaini kusan miliyan shida da ƙananan jarirai kusan miliyan uku na shekarar 2019 da gurɓatacciyar iska, kuma kashi biyu cikin uku daga hayaƙin cikin gida ne.

Maganar Hajiya ba ƙarya ba ce, kada ki yi musu da ita. Mata da yawa sun haihu lafiya a bakin murhu, domin hayaƙi ƙara haɗari yake, ba kowace mace yake kayarwa ba. Sai dai a zamaninsu galibi a tsakar gida ake girki, ko a madafa mai rufin ciyawa da hayaƙi ke tsiyaya ta samanta. Ɗakin bulo mai rufin kwano da ƙofa ɗaya tulu ne, abin da ya shiga ba ya fita. Sannan jaririn da aka haifa a gida ba a ɗora shi a sikeli, ba wanda zai ce ga nauyinsa.

Abin yi na farko, fito da murhun tsakar gida, ƙarƙashin rumfa, ki zauna ta inda iska ke busowa, ta kwashe hayaƙin ta yi gaba da shi. Wannan kaɗai ya fi duk sauran dabarun tasiri, kuma ko sisi ba ya ci. Idan ba makawa sai ɗakin, maigida ya sa a fasa tagogi biyu, ɗaya can sama kusa da rufi daidai kan murhu, ɗaya ƙasa a bangon da ke fuskantarsa, iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama. Taga ɗaya ba ta jan hayaƙi.

Sai itacen kansa. Ɗanye ko jiƙaƙƙe shi ne uban hayaƙi, domin wutar tana ɓata ƙarfinta wajen busar da shi. A faskara shi sirara, a jingine a rana, a ɗaga shi daga ƙasa. Busasshe za ki ji shi sakayau, idan kin buga biyu su yi ƙara. Kada ki cika murhu, guda uku ko huɗu da sarari a tsakaninsu sun fi ci da kyau. Kada a hura wuta da leda, ko tsohon silifa, ko guntun katifa, hayaƙin roba guba ce ta daban. A yi amfani da kirare ko kara. Lokacin hurawa da lokacin ƙara itace hayaƙi ya fi turnuƙewa, don haka in da hali wani ya hura miki, in babu ki sa mafici, kada ki duƙa ki busa da baki. Da kin ɗora tukunya ki rufe ta ki koma nesa kamar taku biyar, can za ki yi tsince-tsince da yanke-yanke. Wake ki jiƙa shi tun dare. Shinkafa idan ta tafasa minti goma, ana iya sauke tukunyar a rufe, a naɗe ta da tsohon bargo a sa a kwando, ta ƙarasa nuna da zafinta. Ɗan farinki ma kada a goya shi ana girki.

TAMBAYA: Salam. Iyalina na da ciki wata biyu. Ina tunanin saya mata tukunyar gas, amma kuɗin cikawa na ba ni tsoro. Wani abokina ya ce gawayi ya isa tunda ba ya hayaƙi. Wanne ya fi?
Wani magidanci daga Kano

AMSA: Malam, Allah ya saka da alheri da ka fara wannan tunani tun cikin yana wata biyu, lokacin ya dace. Idan aka jera makamashi daga mafi tsabta, lantarki ne a gaba, sai gas, sai gawayi da kananzir, sai itace, sai kara da kashin shanu a ƙarshe. Gawayi ya fi itace ƙarancin ɓurɓushi, amma yana fitar da kabon monoksaid mai yawa, kuma rashin ganin hayaƙinsa ne ke sa mata su shigar da shi ɗaki. A fili kaɗai za a yi girki da shi. Risho kuwa, tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a guji kananzir a gida, saboda hayaƙinsa da gobara da yaran da ke shansa a zaton ruwa ne.

Ga abin da gwaje-gwaje suka nuna, ba ƙari. A Ibadan an bi mata masu ciki 324, aka ba wa wasu murhun etanol, wani mai na ruwa da ke ci da ƙarancin hayaƙi, sauran suka ci gaba da kananzir ko itace. Masu sabon murhun an samu ƙarancin hawan jini a cikinsu gab da haihuwa, cikinsu kuma ya ɗan fi daɗewa kafin naƙuda. Amma wani gwaji da ya fi wannan girma, na mata 3,200 a Gwatemala da Indiya da Peru da Ruwanda, wanda aka wallafa a 2022, ya raba gas kyauta, hayaƙin da matan ke shaƙa ya ragu ƙwarai, sai dai nauyin jariran bai bambanta da na masu itace yadda za a kafa hujja ba. Matan sun karɓi gas ɗin ne bayan ciki ya kai mako 9 zuwa 20, kuma wasu masana na ganin an makara, domin a watannin farko mabiyiya ke kafa jijiyoyinta. Ga kuma maleriya da ƙarancin jini da ƙarancin abinci, waɗanda su ma ke rage nauyin jariri, gas bai taɓa su ba.

Ra'ayinmu shi ne ka saya, ko da ƙaramar tukunya mai kilo 3 ko 6 ce, kuma yanzu. Amma kada kuɗin gas ya cinye kuɗin awo da na abincinta. Idan ba zai isa wata ba, a ware shi ga girkin da ke sa ta tsaya a kan wuta, kamar miya, suya, ɗumame da shayin safe. Tuwon gida da ruwan wanka a yi su a waje da itace, wani ya kula.

Gas ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, don haka ɗakin girkin na buƙatar kafa ta ƙasa. Duk lokacin da aka ɗaura tukunya a shafa kumfar sabulu a mahaɗar tiyo, in ta yi ƙwai-ƙwai akwai yoyo. Harshen wuta shuɗi ake so, idan ya koma ja yana baƙanta tukunya, kan murhun ne ya toshe, a wanke shi. Tiyon da ya bushe ko ya fara tsagewa a sauya shi.

TAMBAYA: Cikina wata shida. Saboda sanyi mukan shigar da kaskon garwashi ɗaki mu rufe ƙofa. Kwana uku ke nan ina tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, 'yata ma ta yi amai. An ce laulayi ne ko taifod. Maƙwabcinmu kuma yana kunna janareta a lungun da ke bayan tagarmu.
Wata mai karatu daga Jos

AMSA: 'Yar'uwa, wannan ba ta jira. Daga daren yau kada garwashi ya sake kwana a ɗakin nan, kuma ki je asibiti yau, ki gaya musu da bakinki cewa kina kwana da gawayi a rufaffen ɗaki. Abin da kika siffanta ya yi kama da gubar kabon monoksaid. Alamar da ke bambanta ta da laulayi ko taifod ita ce mutum biyu ko fiye a ɗaki ɗaya su kamu lokaci guda, babu zazzaɓi, kuma a ji sauƙi idan an fita waje. Laulayi ba ya kama yarinya.

Garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi, a lokacin ma yake ta fitar da wannan iska. A rufaffen ɗaki tana taruwa a hankali, mai barci ba ya jin komai, daga barci sai suma. Janareta ya fi muni, shi ya sa kusan kowace shekara ake jin labarin iyalin da aka wayi gari sun rasu gaba ɗaya. Ƙa'ida ita ce janareta ya kasance a fili, aƙalla mita shida daga ƙofa da taga, bututun hayaƙinsa na kallon waje. Ba a zaure ba, ba a baranda ba, ba a ƙarƙashin matakala ba, ko da ana ruwan sama. Maigidanki ya yi wa maƙwabcin magana cikin mutunci, kafin nan ku rufe wannan tagar idan an kunna, ku buɗe ta ɗaya ɓangaren.

Idan aka samu mutum a sume ko a ruɗe, a buɗe ƙofa da taga, a fito da shi fili, mai ciki a kwantar da ita ta gefen hagu, a nufi asibitin da ke da oksijin. Kada a ɗura masa madara ko manja, ba sa karya wannan guba, kuma suna iya sarƙe shi su shiga huhu. Da iskar waje kaɗai sai an yi awa huɗu zuwa biyar kafin rabin gubar ta fita daga jini, da oksijin ta abin rufe hanci kuwa awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Mai ciki akan daɗe ana ba ta oksijin ko da ta ce ta warware, saboda ɗan yana baya wajen fitar da tasa. A kuma saurari bugun zuciyarsa. Wani abu da ya kamata ma'aikatan ƙananan asibitoci su tuna: 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ba ta bambanta oksijin da wannan iska, tana iya nuna 98 alhali jinin cike yake da guba.

Maganin sanyi kuwa, safa da hula da bargo biyu. A ɗumama ruwa a waje, a zuba a gora mai murfi, a naɗe da zane a sa a ƙafa.

TAMBAYA: Ni mai son ƙamshi ce, kullum sai na sa turaren wuta safe da dare. Da dare kuma mukan kunna igiyar leko saboda sauro. Cikina wata uku. Sai na daina?
Wata amarya daga Maiduguri

AMSA: Amarya, ba sai kin rabu da turare ba, amma sauya yadda kike yi. Huhu bai san ƙamshi ba, duk abin da aka ƙona ɓurɓushi yake bayarwa, ga kuma garwashin da ke ƙarƙashinsa. Ki sa kaskon a ɗaki ki fita, bayan minti goma wani ya fitar da shi, a buɗe taga, sai hayaƙin ya washe ki koma. Ƙamshin yana nan a labule da shimfiɗa. Kayan sawa a turara su a kabbasa a waje. Sau ɗaya a rana ya isa. Turaren tsuguno, wanda ake lulluɓa a zauna a kan hayaƙi, ki ajiye shi har ki haihu.

Igiyar leko ita ce muka fi so ki daina, domin takan ci kusan awa takwas kuna barci a kanta. Wani bincike da aka wallafa a 2003 ya gano cewa guda ɗaya na fitar da ɓurɓushin da ya kai na karan sigari 75 zuwa 137. Amma kada ki daina ki zauna haka, maleriya ta fi hayaƙin nan saurin cutar da ciki. Ki karɓi gidan sauro mai magani a wurin awo, ki shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin ki ɗaura, ki cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. Daga mako na 13 ma'aikaciyar awo za ta fara ba ki Fansidar, maganin kariya daga maleriya, ƙwaya uku, wata-wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Idan za a yi feshi, wani ya fesa kina waje, a rufe rabin awa, a buɗe iska ta ratsa kafin ki shiga.

TAMBAYA: A nan garinmu idan hazo ya sauko ko gidan da ke gabanka ba ka gani sosai. Matata na da ciki wata biyar, tana koyarwa, kullum sai ta hau babur. Mayafin da take rufe hanci da shi ya wadatar?
Wani malami daga Damagaram

AMSA: Malam, ƙurar nan daga nesa take. Mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, wanda babu wuri guda a duniya da ya kai shi tayar da ƙura. Iskar hunturu ke ɗebo ta tsakanin Nuwamba da Maris ta baza a kan Damagaram, Maraɗi, Kano, Katsina har bakin teku. Wadda ta yi wannan doguwar tafiya ita ce mafi laushi, mai isa ƙarshen huhu.

Mayafi da niƙabi suna tare manyan ƙwayoyi, masu laushin wucewa suke ta saƙar. Takunkumin asibiti mai shuɗi ya ɗan fi, amma yana barin kafa ta kumatu. Wanda ke aiki shi ne mai lamba N95 ko KN95, in an matse ƙarfen hancin ya zauna daram. Mai ciki na iya sa shi na tsawon tafiya, ta cire idan ta ji numfashi na yi mata nauyi. Ba a wanke shi, idan ya yi datti ko igiyarsa ta saki a sauya.

Ranar da hazo ya yi kauri a rufe tagogin ɓangaren arewa da gabas, amma da sharaɗin babu wuta ko turare a ɗakin, in ba haka ba an gudu daga ƙura an faɗa hayaƙi. A yayyafa ruwa kafin shara, a goge kaya da tsumma mai danshi maimakon kaɗewa, kuma ba ita za ta yi sharar ba. A hanya direba ya guji tsayawa dab da bayan babbar mota. Bolar unguwa da ake cinna wa wuta da yamma, wadda rabinta leda ce, ta cancanci ku kai maganarta gaban mai unguwa.

TAMBAYA: Ƙosai da awara nake soyawa a bakin titi safe da yamma, da shi nake ciyar da yara huɗu. Cikina ya shiga wata bakwai. Na ji ana cewa hayaƙi na hana jariri girma. Ba zan iya barin sana'a ba. Na riga na makara?
Wata mai sana'a daga Zariya

AMSA: Baiwar Allah, ba ki makara ba, kuma ba za mu ce ki bar abin da ke ciyar da 'ya'yanki ba. A watanni biyun ƙarshe ne ɗa ke tara nama, kusan giram 200 a mako. A 2008, lokacin wasannin Olamfik, hukumomin birnin Beijin sun rufe masana'antu sun rage motoci na 'yan makonni. Jariran da watansu na takwas a ciki ya faɗo a wannan lokaci sun fi na 2007 da 2009 nauyi da giram 23 a matsakaici. Ba yawa, amma ya nuna ko 'yan makonni na iska mai kyau a ƙarshen ciki jiki na amsawa.

Ke hayaƙi uku kike sha, na itace, na mai, da na motoci. Ja da murhun baya daga bakin kwalta gwargwadon yadda ciniki zai bari, ko taku goma yana rage na motoci. Duba inda iska ke kaɗawa ki ba ta baya, idan ta juya ki juya kujerarki. Kewaye murhun da laka ko bulo ta ɓangare uku, ki bar ƙofa ɗaya ta itace, wuta za ta tattaru a gindin kasko, itace ya ragu, hayaƙi ya ragu. Man da ya fara hayaƙi ya yi zafi fiye da kima, janye itace ɗaya. Wanda ya yi baƙi ya yi kauri saboda maimaici ya fi saurin hayaƙi, ki tace shi kullum, ki daina ƙara sabo a kan tsoho har abada. Matsami mai dogon hannu zai hana ki sunkuya a kan kasko. Idan akwai babbar 'ya ko ƙanwa, ita ta hura wuta, ku riƙa karɓa-karɓa, ke ki koma wajen ƙulla wa masu saye.

Sannan ki riƙe awo da muhimmanci, ana so a je sau takwas kafin haihuwa. Ki gaya wa ma'aikaciyar irin aikinki. Ta auna tsayin ciki da tef, daga mako na 24 adadin santimita kan yi kusa da adadin makonni, idan ya gaza da fiye da biyu ko uku sai a yi sikanin. Ta auna jini, idan ya kai 140 bisa 90 ba a wasa da shi. Ki sha ƙwayar ƙarin jini kullum, domin mai ƙarancin jini dama masu dakon oksijin ɗinta kaɗan ne, hayaƙi kuma ya zo ya kame wasu. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, zubar jini ko ruwa, ciwon mara mai zuwa yana dawowa kafin wata tara, ko ki ji motsin ɗan ya ragu, kowanne daga ciki ki sauke kasko ki tafi asibiti a ranar.

TAMBAYA: 'Yata ta haihu saura wata guda, jaririn kilo biyu da ɗigo ɗaya, an sallame su. Ga sanyi. Muna so mu sa garwashi a ɗaki don kada sanyi ya kama shi, ga kuma ruwan wankan jego da ake dafawa a ƙofar ɗakin. Mijinta kuma yana shan sigari.
Wata kaka daga Katsina

AMSA: Hajiya, barka da arziki, Allah ya raya. Tsoronku na sanyi daidai ne, jariri irin wannan ba shi da kitsen da zai riƙe ɗumi. Amma kada garwashi ya shiga ɗakin. Jariri na numfashi sau 40 zuwa 60 a minti, huhunsa bai gama ƙwari ba, hayaƙin da babba zai jure shi zai kai shi ga ciwon haƙarƙari.

Ɗumin da ya fi masa shi ne jikin uwarsa. A sa masa hula da safa da nafkin kawai, a kwantar da shi a tsaye tsakanin nonuwanta, fata na taɓa fata, kansa a juye gefe ɗaya, wuyansa a ɗan miƙe, a ɗaure da zane, ta sa riga mai faɗi a kai. Ana so a yi haka aƙalla awa takwas a yini, in an fi haka ya fi kyau. Idan za ta yi wanka ku karɓe ta, ku ɗaura shi a naku ƙirjin. A ba shi nono duk awa biyu zuwa uku, dare da rana, ko da sai an tashe shi. A rage yi masa wanka, shafa da tsumma mai ɗumi ya isa a kwanakin nan.

Tukunyar ruwan jego a mayar da ita ƙarshen tsakar gida, inda hayaƙin ba zai shiga ɗakin ba, ruwan kuma a surka shi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a wurin masu jego, suka danganta shi da tsananin zafi da kunun kanwa mai yawa, don haka a sassauta duka biyun. Idan ta fara haki, ko ƙafafunta suka kumbura, ko ta kasa kwanciya sai a jingine, a kai ta asibiti.

Surukinku kuwa, ku sa wanda yake jin nauyinsa ya yi masa magana. Sigari ko shisha, a waje can nesa da ɗaki, ya wanke hannu da baki ya sauya riga kafin ya ɗauki yaron, domin hayaƙin taba na ƙara haɗarin mutuwar jarirai cikin barci. A mayar da jaririn awon nauyi duk mako har ya haura kilo biyu da rabi. Idan ya ƙi kama nono, ko tafin ƙafarsa da cikinsa suka yi sanyi duk da ɗaurin ƙirji, ko numfashinsa ya wuce 60 a minti, ko haƙarƙarinsa na shiga ciki idan ya ja iska, a tafi da shi asibiti yana ɗaure a ƙirjin uwarsa, kada a jira gari ya waye.